Jakin Roba

Duk wanda ya san Aliero ya san albasa ce arzikinta, ita kuwa albasar rani ba ta yafe ƙishirwa. A hutun Disambar 2023 na koma gida, na tarar Kawu ya sayar wa wani mutumin Maiyama jakinsa don ya sayi taki. Injin ban-ruwa kuwa ba a barinsa ya kwana a fadama, saboda ɓarayi. Kullum da asuba, cikin sanyin hunturu, sai tsohon nan ya ɗora shi a ka, ƙanena ya biyo shi da tiyo da jarkar mai, da almuru su komo. Hayar babur ta gagara tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun shekarar. Baro kuwa, da ƙafarsa ta taɓa rairayin hanyar sai ta nutse. Ga shi daga wannan albasa ake biya mini kuɗin makaranta.

To, na taɓa gani a intanet yadda mutanen Norwe da Kanada kan shiga daji lokacin ƙanƙara. Ba sa ɗaukar kaya a baya, sai su zuba su cikin wani abu mai kama da ƙaramin kwalekwale, su ɗaura a ƙugu, su yi ta ja. Na ce a raina, ai rairayi ƙanen ƙanƙara ne.

Na tafi kasuwar Jega na sayo tsohuwar gangar roba, na tsaga ta biyu a tsaye, na gasa ƙusa na huda bakinta, na zura igiya. Kawu ya tsaya yana kallo, ya ce, "Mi kaka yi da ganga, ɗana?" Na ce, "Kawu, jaki nake ƙera maka." Bai ce uffan ba.

Fitar farko kunya na sha. Gindin ganga ba shimfiɗaɗɗe ba ne, saboda haka muna kaiwa gangaren fadama sai ta taho da gudu ta buge ni a dunduniya, ta kife, injin ya yi gefe, mai ya tsiyaye. Ranar sai da hantsi ya dubi ludayi kafin dashe ya sha ruwa. Da ya tsawata mini ma da ya fi mini sauƙi.

Da dare na sake dubawa, ashe su Turawan ba da igiya zalla suke ja ba. Sanduna biyu suke sawa, su gitta su, su ɗaure a ɗamara, don kada kayan su cim musu a gangare, kuma su bi su in sun yi kwana. Na samo gora biyu na yi haka, na kafa katako biyu a ƙarƙashi don ta daina mirginawa, na kwantar da injin can ƙasa na ɗaure tamau.

Saura rairayi, wanda ashe ba ƙanen ƙanƙara ba ne ko kusa. Ƙanƙara sulɓi take, shi kuwa taruwa yake a gaban abin, kana ja yana tokarewa. Maganin wannan daga Masar ya zo. A wani zanen kabari na zamanin Fir'auna an nuna mutum yana zuba ruwa gaban gunkin da ake ja, kuma a 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga yashi mai ɗan danshi kan rage ƙarfin da ake bukata da kusan rabi. Sai na sa ƙanena a gaba da buta, yana yayyafi a inda rairayin ya fi zurfi. Masu wucewa suna dariya, wai ɗan jami'a na ban-ruwan hanya.

Amma fa wuyan Kawu ya huta. Mako uku katakon ya yi, yashi ya cinye shi, ya sake kafa wani da kansa bayan na koma makaranta. Da aka cire albasa a watan Maris ya kira ni a waya, ya ce kuɗina sun samu. Na tambaye shi labarin jakin roba, ya ce yana nan lafiya, an mai da shi kwamin ba jaki ruwa, don ya sayi na gaske.