Gonakin Inabi da Hirar Miji da Mata

Duk wanda ya kalli fim ɗin A Walk in the Clouds na 1995, wanda Keanu Reeves ya fito a ciki, ya ga kwarin Napa na jihar Kalifoniya a Amurka, inda gonakin inabi suka shimfiɗu iya ganin ido. Can ma'aurata da yawa kan tafi hutun ƙarshen mako. Har jirgin ƙasa gare su, wanda ya fara aiki a 1989, yana ɗaukar su daga garin Napa zuwa St. Helena ya dawo da su, suna cin abinci suna kallon gonaki ta taga.

Giyar da ake tatsa daga inabin nan haramun ce gare mu, wannan ba abin gardama ba ne. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne zaman kansa: miji da matarsa a tebur ɗaya, ba yara, ba gaggawa, hira kawai suke yi, kuma hirar ba ta cefane ba ce.

To mai karatu, yaushe rabon da ka ga haka a finafinanmu? Lambu a wurinmu na saurayi da budurwa ne, a yi rawa a yi waƙa. Da an ɗaura aure sai falo, sai kishiya, sai kuka. Don Allah marubutanmu, ko sau ɗaya a fitar mana da maigida da uwargida su sha iska, ko da zoɓo za su sha.