Farin Wata a Kan Gagare

Ban taɓa ganin teku ba. Ranar da malaminmu na zane ya ce mu zana teku a daren farin wata, sai na ari ruwan da na sani, wato Gulbin Gagare na Ƙauran Namoda, lokacin da ya cika da damina. Na yi ta lafta farin fenti, hoton ya ƙi haske. Malam ya ce, "Yaro, ba a shafa haske. Duhunta gefe, ka bar farin takarda." Ina yin haka, sai ga wata kwance a ruwa.

Yau tsoron 'yan bindiga ya hana mu fitar dare, daga Badarawa har Zurmi. Da ka nake zana gulbin, don kada ya ɓace mini.