Idan amfilifayar mota ta ɗauki zafi, a auna kafin a sayo wata

Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya watan Maris ya kama, akwai ƙorafin da ke yawaita a bakin samari masu mota a Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin rana kan haura digiri 40. Mutum ya kashe kuɗi ya ɗora manyan lasifikan nan masu gurnani da ake kira wufa a but ɗin motarsa, ya saya musu amfilifaya, ya kama hanya yana jin daɗinsa. Bayan minti ashirin sai gurnanin ya ɗauke ɗif, koriyar fitilar amfilifaya ta koma ja, jikinta kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Ya jira ta huce, ta dawo, can kuma ta sake ɗaukewa. Hukuncin da akan yanke a gareji ɗaya ne: amfilifayar ta gaji, a sayo wata.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma wannan hukunci yana damuna, domin sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Amfilifayar da ta kashe kanta saboda zafi aikinta ta yi. Masu ƙera ta sun sa mata ma'aunin zafi a ciki, wanda ke yanke wuta kafin kayan cikinta su ƙone. Jar fitilar nan saƙo ce cewa wani abu a cikin haɗin yana wahalar da ita, kuma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya sayo sabuwa ya ɗora ta a kan tsohon haɗi, zai sake ganin jar fitila, idan ma ya yi sa'a bai ga hayaƙi ba.

Sai mu fara da asalin zafin. Babu amfilifayar da ke mayar da duk wutar da ta ja ta zama sauti, dole wani kaso ya zama zafi. Irin da aka daɗe ana amfani da ita, wadda ake kira rukunin AB, takan mayar da kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari ne kawai. Idan tana ba wufa wat 500, to tana jan kusan wat 830 daga mota, wat 330 kuma zafi ne zalla, wato kusan sulusin zafin dutsen guga na lantarki. Rukunin D, wanda aka fi yi domin wufa, kan mayar da kashi 80 zuwa 90, don haka zafinsa a kan wannan aiki bai kai wat 130 ba. Saboda haka ɗumi a jikin amfilifaya ba aibu ba ne. Abin dubawa shi ne zafin da ya kai ta ga kashe kanta.

A bara ne ɗan yayata ya kawo mini motarsa da wannan matsala. Ya ce, "Kawu, daga Kano in na nufi Zariya, ban kai Kura ba take ɗaukewa. Wannan ita ce ta biyu da na saya." Muka je wurin mai wayarin ɗin da ya haɗa masa, yaro mai hankali da ladabi, wanda ya iya hannunsa, sai dai ba shi da mita. Na tambaye shi om nawa wufofin suke nunawa bayan ya haɗa su. Ya ce, "Malam, ai kowace an rubuta mata om 4." Gaskiya ya faɗa, amma ba amsar tambayata ba ce.

Om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki, kuma sunan Georg Ohm ne, wani malamin makaranta Bajamushe da ya wallafa ƙa'idar a 1827. Ƙa'idar ta ce idan turjiya ta ragu da rabi, wutar da ke kwarara takan ninka. Wufa biyu masu om 4, idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2. Idan aka jera su ɗaya na bin ɗaya, sun zama om 8. Shi yaron kafaɗa da kafaɗa ya haɗa su. Sannan amfilifayar mai tasha biyu ce, ya gama tashoshin suka zama ɗaya don ƙarin ƙarfi, kuma a irin wannan haɗi kowace tasha rabin turjiyar take gani, wato om 1. A jikin kwalinta an rubuta ƙarara cewa idan an gama tashoshin, kada a yi ƙasa da om 4. An ɗora mata ninki biyu na wutar da aka yi ta dominta, zafin da wuta ke haifarwa a waya kuma ninki huɗu yake yi idan wutar ta ninka. Da muka cire wayoyin muka ɗora mita, lambar da ta fito ba ta kai 2 ba, domin mita takan nuna ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta a jikin lasifika. Muka raba tashoshin, kowace ta ɗauki wufa ɗaya. Gurnanin ya ɗan ragu, amma ɗaukewar ta tsaya, ba tare da an sayi komai ba.

Abu na biyu da ya kamata a auna shi ne wutar da ke isa ga amfilifaya. Lafiyayyen batir kan nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, da kuma 13.8 zuwa 14.4 idan inji na aiki. Amma a bakin amfilifayar ake aunawa, lokacin da kiɗa ke bugawa. Idan lambar na faɗuwa ƙasa da 12, ko fitilun mota na dusashewa duk sanda wufa ta buga, to wuta ba ta isarta. Amfilifaya mai yunwa takan ƙara jan wuta don cike giɓi, ko ta soma gurɓata sauti, kuma duka biyun zafi ne. Wat 830 a kan bolt 14 na nufin kusan amfiya 60, nauyin da ke buƙatar waya mai lamba 4, domin a ma'aunin waya ƙaramar lamba ita ce mai kauri. A nan ne araha ke cutar da mu. Kasuwa cike take da waya mai kaurin roba da siririyar tsakiya, da kuma alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. A kankare silin wayar da wuƙa, in cikinsa ya fito fari, an gane.

Ita ma wayar da ake ɗaurewa a jikin mota, wadda wuta ke komawa ta cikinta, tana da muhimmanci daidai da wadda ta taso daga batir. Kaurinsu ya zama ɗaya, ta kasance gajera, kada ta wuce kamu ɗaya, a kuma ɗaure ta da noti a kan ƙarfen da aka goge wa fenti da tsatsa har ya yi ƙyalli. Na sha ganin an maƙala ta a ƙaramin kusa a kan fenti, ana mamakin zafi.

Na uku shi ne ɗan majuyin nan da aka rubuta wa GAIN. Samari da yawa sun ɗauka ma'aunin ƙarar murya ne, sai su murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita amfilifaya da ƙarfin saƙon da rediyon mota ke aiko mata. Idan ya yi yawa, amfilifaya za ta kai iyakarta tun kafin a ƙure murya, sai ta riƙa yanke kan sautin. Kunne zai ji gurnanin ya zama ɓarɓarniya, wayar cikin wufa ta soma gasuwa, amfilifaya kuma ta zauna a ƙarshen ƙarfinta ba hutu. Majuyin ƙarin gurnani da ke kusa da shi ma haka yake: ƙarin desibel 3 kacal yana neman ninki biyu na ƙarfi. Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da su duka ƙasa, a ɗaga muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, a riƙa ƙara GAIN a hankali har a ji sauti ya fara gurɓata, sannan a ɗan koma baya a bar shi nan.

Na huɗu shi ne iska, kuma a nan ne yanayinmu ya shigo. Haƙarƙarin alminiyam da ke bayan amfilifaya aikinsa miƙa zafi ga iskar da ke kewaye. Motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu, cikinta kan haura digiri 60, don haka amfilifayar ta fara aiki ne a gashe. Sai kuma a tarar an cusa ta ƙarƙashin kafet, ko an kife ta a bayan kujera, ko an ɗora mata buhu da jarka, ga ƙurar hunturu ta cike tsakanin haƙarƙarin. A ɗaura ta inda iska ke wucewa, a bar mata tazarar yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe, a goge ƙurar da burushi. Ƙaramar fanka mai bolt 12 tana taimakawa, amma bayan an gyara sauran. Fanka a kan haɗin om 1 jinkirta ɓarna ce kawai.

Lokacin da take ɗaukewa ma shaida ne. Idan da kunnawa fitila ta yi ja nan take, a nemi wayar lasifika da ta goge ta taɓa ƙarfe, ko wufar da ta ƙone. Idan sai bayan an daɗe ana kiɗa, zafi ne, a bi matakan nan huɗu. Idan kuwa an cire wayoyin wufa gaba ɗaya, babu kiɗa, amma ta ci gaba da zafi ko ta tsaya a ja, to a nan ne laifin yake cikinta, sai a kai wa mai gyara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu ya wuce asarar kuɗi. Na taɓa jin wani yana alfahari cewa ya sa an cire ma'aunin zafin don ta daina damunsa. Na kuma ga motocin da aka ja waya daga batir har but babu fis, ko aka naɗa silin waya a madadinsa. Batirin mota na iya sakin ɗaruruwan amfiya idan waya ta taɓa jiki, wayar kuma tana bi ne ta ƙarƙashin kafet da kujerun da yara ke zama. Fis ɗin babbar waya kusa da batir ake sa shi, cikin kamu ɗaya, domin ya kare motar da mutanen cikinta. Ba a ƙara masa lamba don ya daina ƙonewa.

Ga iyayen gidan masu wayarin, roƙona shi ne su sa mita a hannun kowane yaro tun shekararsa ta farko, su koya masa lissafin om yadda suke koya masa riƙon filaya. Kuɗin mita bai kai ko kusa da na amfilifaya ɗaya ba, lissafin kuma ba ya wuce na ɗan aji uku na sakandare. Ga mai mota kuwa, kafin ka biya kuɗin sabuwa, yi tambaya uku: om nawa wufofina suke nunawa a haɗe, bolt nawa ke isa bakin amfilifaya idan kiɗa na bugawa, kuma ina fis ɗin yake? Mai aikin da ya amsa maka da lambobi, riƙe shi. Wanda ya ce ba sai an auna ba, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.