Kayan Wasan Sallah: Wa Ya Duba Su Kafin Su Iso Sabo?

Azumi ya raba, kuma ga kwalayen kayan wasan yara sun fara sauka daga Legas: bindigogin roba, motoci masu batir, balan-balan, 'yar tsana mai kuka. Mu da muke kasuwa mun san ribar da ke cikinsu a kwanakin Sallah, kuma mu ɗin ne dai ake kira idan wani abu ya sami yaro a unguwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna.

A da can, yaro shi ke ƙera motarsa da kara ko gwangwanin madara, iyakarta ya yanke yatsa a ɗaure masa. Kayan yanzu kuwa daga Sin akasarinsu suke zuwa, su sauka Apapa ko Tin Can, su bi ta Idumota kafin su iso mana Ibadan. A ƙa'ida, hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da tsarin da ake kira SONCAP: a gwada kaya tun a ƙasar da aka yi su, a ba da takardar shaida, sannan kwastan su sake su. Wannan a takarda ke nan. Amma wanda ya zo ta bayan fage fa? Ko dilar gwanjo da ake zubewa a tabarma, ba kwali ba suna? Waɗannan ba wanda ya duba su sai Allah. Haruffan CE da ake gani a jikin kwali ma, asalinsu shaida ce ta masu ƙira cewa sun bi dokar Turai, sai dai mai buga jabu ba ya jin wuyar buga haruffa biyu.

Kada a ɗauka kayan arha ne kaɗai ke da matsala. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka, da girmansa, sai da ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda fenti mai dalma da ƙananan maganaɗisu masu ɓallewa. Mu kuwa ba sai an gaya mana aikin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan-kaɗan ɗin da yaro ke tsotsa na iya dakushe ƙwaƙwalwarsa ba tare da ya yi ko zazzaɓi ba. Sai an sa shi makarantar allo a ce ba ya riƙe karatu.

Bindigar nan mai harba ƙwayoyin roba ita ta fi tsaya mana a rai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wasan jifa da tsakuwa, kuma dalilin da ya bayar shi ne tana fasa ido tana karya haƙori. To me ya raba ta da wannan? Ƙari a kan haka, mu baƙi ne a garin mutane. Ɗan shekara goma sha biyu riƙe da baƙar bindiga mai kama da ta gaske, da magariba, a bakin titin Mokola, wallahi ba abin dariya ba ne. A ganinmu kada ta shigo shagon kowa a Sabo, ko nawa ne ribarta.

Iyaye mata, ga abin da ba ya buƙatar boko. In kun ga hoton fuskar jariri da 0-3 an ja mata jan layi, ba na mai ƙasa da shekara uku ba ne, ko da yayansa aka saya wa, a raba su. Duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tishu, zai iya tsayawa a maƙogwaron ƙaramin yaro. Ja idon 'yar tsana da tayar mota tun a gaban mai shago. In ya ɓalle a hannunki, a bakin yaro ma zai ɓalle. Fashasshen balan-balan a share shi nan take. Fenti mai kama hannu ko roba mai warin kalanzir, a bar wa mai shi kayansa. Mai shagon kuma kada ya ji haushi, ɓoye aibin haja haramun ne, kowa ya sani.

Sai batirin nan mai faɗin maɓallin riga da ke cikin agogo da takalmi mai wuta. Murfinsa in ba da kusa aka ɗaure shi ba, kada a saya. Idan ya maƙale wa yaro a hanyar abinci, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin, alhali yaron yana ta wasansa. Mun ga maƙwabtanmu na ɗura manja, namu kuma na neman rubutu. Ba lokacinsu ba ne. Kada a sa shi amai, a ɗauke shi zuwa UCH ko asibiti mafi kusa mai ɗaukar hoton ƙirji, a faɗa wa likita batir ne tun daga ƙofa. Addu'a a yi ta a cikin mota.