Kafin Ƙanwata Ta Cike Fom

Sau biyu na zauna jarrabawar JAMB da niyyar karanta likitanci, sau biyun kuma jami'a ɗaya na cike, don kawai sunanta ya fi daɗin faɗa a majalisa. Ban taɓa tambayar kujeru nawa gare su ba, balle mutum nawa ke nema. Har aka rufe ɗaukar ɗalibai ina leƙa CAPS kullum bayan sallar asuba. Ga ni yau a ajin ƙarshe na difloma a SLT, kwas ɗin da kuke mana tsiya wai matattarar likitocin da ba su zama ba. Alhamdu lillahi, na saba da shi, har na fara sonsa.

Bana ƙanwata ce za ta cike fom, ita ma likitancin take so. Baba ya ce ABU, magana ta ƙare, ai Zariya ce uwa. Ita kuma hankalinta na kan BUK saboda ƙawayenta biyu suna can. Ranar wata Asabar na zaunar da ita, na yago takarda daga littafin firatikal ɗina, muka yi abin da ban yi wa kaina ba.

Da MDCN muka fara, majalisar da ke yi wa likitoci rajista. Ita ke amincewa da kwalejin likitanci, ta kuma yanke mata adadin ɗaliban da za ta horar. Wannan adadin shi ne ainihin ƙofar, sunan da ke jikin get ba ya ƙara kujera ko ɗaya. Sai tsarin ɗauka a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a karatun boko. Jami'ar jiha kuwa 'ya'yanta take fara dubawa, mu kuma 'yan Kaduna ne. Nan sunan KASU ya shigo takardar, ƙanwata ta yamutsa fuska.

"Yaya, wato in yi shekara shida ina kwana a ɗakinmu?"

Na ce mata shekara shidan nan su ne maganar. In ma an samu shida cif, tunda yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Kusan rabin karatun a asibiti ake yinsa, saboda haka asibitin ya kamata a duba: na ABU yana Shika, bayan Samaru, BUK na da asibitin Malam Aminu Kano, KASU kuma Barau Dikko, a tsakiyar gari, Keke Napep ɗaya daga gidanmu. Muka lissafa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, motar zuwa gida, muka ninka shida, muka ajiye kusa da fanshon Baba. Shiru ya ɗan ratsa.

Baffanmu ya kawo shawarar ƙasar waje. Na tuna masa yaran da yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023, karatu a tsakiya, da kuma cewa wanda ya gama a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a nan.

Gaskiya ban tabbata ina yi mata adalci ba. Ta fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, wataƙila ma tsorona nake ɗora mata. Da na faɗa mata haka, sai ta karɓi biron ta ce, "To Yaya, mu bar takardar nan tukuna. Zan sa ABU, in sakamako ya fito maki bai kai ba, sai mu yi canjin makaranta da wuri." Baba ya ji Zariya, bai tsaya jin sauran ba.

Takardar na cikin jakata. Kuɗin canjin kuma na riga na ware su daga alawus ɗina na SIWES.