Makiyayan Alamomi

Hanya biyu labari yake bi ya ɓace a intanet. Ko dai mai shafin ya wayi gari ya share shi, ko kuma yana nan daram, amma tarin rubutun da ya biyo baya ya binne shi har ba mai iya tono shi. Masu rubuta labaran ɗori sun ɗanɗana duka biyun, kuma kusan duk kayan aikin da suke amfani da su a yau daga wannan ɗanɗanon suka fito.

Labarin ɗori, wanda Turawa suke kira fanfik, shi ne wanda mai karatu ko mai kallo yake ginawa a kan labarin wani. Ya ɗauki taurarin wani littafi ko fim da ya shiga ransa, ya kai su inda mai labarin bai kai su ba: ya raya wanda aka kashe, ya aurar da waɗanda aka raba, ko ya cike shekaru goman da aka tsallake da jimla ɗaya. Abin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1967 masu bibiyar shirin Star Trek a Amurka suka fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia, irin wadda ake bugawa da hannu a rarraba tsakanin abokai. Da intanet ya zo sai aka yi ƙaura, kuma a 1998 aka buɗe FanFiction.net, wanda ya zama babbar matattara.

Sai dai gidan na aro ne. A 2002 shafin ya hana labaran da suka yi zurfi a batsa da waɗanda aka rubuta a kan mutane na zahiri, ya kwashe waɗanda ke ciki, sannan ya sake wata shara a 2012. A watan Mayun 2007 LiveJournal, inda da yawa suka koma, ya dakatar da shafuka kusan 500 a lokaci guda bayan wani ƙorafi da aka kai masa. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da zaurukan tattauna littattafai da na mutanen da aka taɓa ci wa zarafi suke ba juna haƙuri. Kamfanin ya nemi afuwa ya mayar da wasu, amma an riga an ga iyakarsa. A 2009 kuma Yahoo ya rufe GeoCities, ya tafi da ɗimbin ƙananan shafukan da mutane suka gina da hannunsu. Ana iya yin gardama a kan ko wasu daga cikin labaran da aka share sun cancanci zama. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yadda aka yi sharar, domin tsintsiyar ba ta bambance mai laifi da maƙwabcinsa ba.

A wannan watan na Mayun 2007 ne marubuciya Naomi Novik ta ba da shawarar cewa masu wannan rubutu su gina rumbunsu, su mallaki har kwamfutocin da za a ajiye shi. Daga nan aka kafa ƙungiyar da ba ta neman riba, wadda ta buɗe Archive of Our Own, ko AO3 a taƙaice, ga jama'a a watan Nuwamban 2009. Babu talla a cikinsa, da gudummawar masu karatu yake tafiya, kuma 'yan sa-kai ne suke riƙe da shi. A 2019 ya ci kyautar Hugo, wadda ake ji da ita a duniyar ƙagaggun labaran kimiyya. Labaran da ke ciki sun daɗe da haura miliyan 10.

Wannan adadi shi ne matsala ta biyu. Rumbu mai labari miliyan 10, in ba tsari, allura ce cikin ruwa. Tsarin da AO3 ya zaɓa shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa abin da manyan kamfanoni suka saba.

Duk wanda zai sa labari sai ya liƙa masa alamomi. Wasu tilas ne: sunan littafin ko fim ɗin da aka ɗora a kai, matakin shekarun da labarin ya dace da su, da kuma gargaɗi. Gargaɗin da shafin ya ware guda huɗu ne, wato zubar da jini ƙarara, mutuwar babban tauraro, fyaɗe, da lalata da ta shafi ƙananan yara. Marubuci na iya cewa babu ko ɗaya a labarinsa, ko ya ce ya zaɓi kada ya faɗa. Sabon shiga yakan ɗauki waɗannan biyun abu ɗaya ne, alhali kuwa na biyun cewa yake yi kowa ya shiga da shirinsa. Haka ma 'yar sandar da ake sawa tsakanin sunaye biyu. Idan karkatacciyar sanda ce, soyayya ce tsakaninsu. Idan alamar & ce, abota ce ko zumunci. Marubucin da ya rikita su zai tara masu karatun da ba abin da suka zo nema ke nan ba, kuma za su sanar da shi.

Bayan waɗannan, fili a buɗe yake. Marubuci ya rubuta duk alamar da ya ga dama, da kalmominsa, har da barkwanci da ba wa mai karatu haƙuri. A nan ne ake tsammanin komai ya dagule, domin mutum goma za su kira abu ɗaya da suna goma. Mai rubutu a kan Harry Potter ɗaya zai sa Ron/Hermione, wani ya juya sunayen, wani ya dunƙule su ya ce Romione. Amma wanda ya nemi ɗaya daga ciki zai ga dukansu, saboda a bayan fage akwai ɗaruruwan 'yan sa-kai da aikinsu ke nan, su bi sababbin alamomi ɗaya bayan ɗaya suna ɗaure kowace a gindin uwar alamar da ta dace. Sunan da ake kiransu da shi a Turance daga kiwon dabbobi aka aro shi, kuma ya dace: makiyaya ne. Ba sa taɓa abin da marubuci ya rubuta. Alamarsa tana nan yadda ya sa ta, sai dai an nuna mata garkenta.

Ma'aikacin laburare zai so a ba kowa jerin kalmomi ƙayyadaddu, a ce kada ya wuce su. Kamfanin sada zumunta kuwa zai bar kowa ya rubuta son ransa, sannan na'ura ta zaɓa wa mai karatu abin da zai gani. AO3 ya bi ta tsakiya, kuma kuɗin wannan hanya gumin mutane ne da ba a biyansu ko sisi. Ga wanda ya saba da shafukan da ke tura masa abu kafin ya nema, shiga nan yakan zo da 'yar kiɗima, domin babu abin da zai taso ya same shi. Shi zai faɗi abin da yake so.

Rariyar tacewa tana gefen kowane jeri, kuma rabinta na ƙasa ya fi amfani. Tun 2018 ake iya cewa a cire kaza, ba a kawo kaza kaɗai ba. Mai karatun da ba ya son batsa zai cire manyan matakai biyu, ya haɗa da labaran da ba a sa wa mataki ba, tun da komai na iya ɓuya a cikinsu. Wanda ya gaji da jiran babin da ba zai zo ba zai zaɓi kammalallu kawai. Ana iya tacewa da yawan kalmomi ko da harshe, kuma Hausa tana cikin jerin harsunan. Akwai kuma jera labarai bisa yawan yabon da suka samu, amma wannan ma'auni yana da son kai: tsohon labari a kan shahararren fim kullum shi ne a sama, ko da wani sabo ya fi shi. Tsofaffin hannu sukan bi wata hanya. In sun sami marubucin da ya burge su, sai su leƙa jerin labaran da shi ya adana, domin mai iya rubutu yawanci ya iya zaɓe. A nan akwai wani ɗan tarko. Bayanin da mutum ya rubuta a jikin labarin da ya adana a bainar jama'a yake, har marubucin yana gani, sai in an latsa akwatin sirri.

'Yancin alamomi ma an taɓa gwada iyakarsa. Wani labari ya ɗauki alamomi fiye da dubu, ya riƙa cika fuskar waya a duk jerin da ya faɗa, har a 2021 aka ƙayyade su zuwa 75. Ko wannan ma ya yi yawa. Alama goma da aka zaɓa da hankali sun fi hamsin ɗin da aka watsa don farautar ido.

Ga mai sa labari, abin kiyayewa kaɗan ne amma mai ciwo. Akwatin rubutun AO3 ba ya adana komai da kansa, kuma daftarin da ba a wallafa ba wata ɗaya yake yi a share shi. Saboda haka a wani wuri ake rubutu, a kwafo in an gama, a duba samfurin kafin a saki, domin rubutun da aka ɗauko daga Word ko Google Docs yakan zo da giɓi tsakanin sakin layi. Shafin ba ya ajiye hotuna. Ba a kuma yarda a nemi kuɗi ko a sa hanyar biya ba, domin kariyar da ƙungiyar take dogaro da ita a gaban dokar haƙƙin mallaka ta Amurka tana ƙara ƙarfi ne idan ba ciniki a ciki. Wanda kuma ya girma ya fara jin kunyar abin da ya rubuta yana ɗan shekara 17 ba sai ya goge ba. Akwai hanyar maraita labari: a cire sunan mai shi har abada, labarin ya zauna.

Duk da haka, rumbun da ya fi kowane aminci shi ne wanda ke hannun mutum. China ta toshe AO3 a ƙarshen Fabrairun 2020, kuma a Yulin 2023 wani harin intanet ya durƙusar da shi fiye da yini guda. Marubuta ma sukan goge nasu ba sallama. Shi ya sa kowane labari yake da maɓallin saukewa. EPUB ya fi dacewa da waya, domin rubutun yana bin girman fuskarta, ba kamar PDF ba da sai an yi ta ja da yatsa, kuma doguwar ƙissa ba ta kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba. Wanda tarinsa ya yi yawa sai ya koma ga Calibre, manhajar kwamfuta ta kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006. Idan aka ƙara mata FanFicFare, ana ba ta adireshin labari ta sauko da shi tare da sunan marubuci da alamominsa, in an ƙara babi kuma ta sabunta fayil ɗin. Wanda ya riga ya ɓace, wani lokaci akan yi sa'a a tarar da shi a Wayback Machine, muddin an riƙe adireshinsa.

Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006 kuma kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saya a 2021, wata duniya ce daban. Ya fi sauƙi a waya, ana yin sharhi a kan kowane sakin layi, kuma a can Anna Todd ta fara After a 2013 a matsayin labarin ɗori kafin ya zama littafi da fim. Amma ba ya ba mai karatu fayil ya riƙe, kuma alamominsa ba su da makiyayi.

A nan ne zancen ya taɓo marubutan Hausa na intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, ko da yake labaransu nasu ne na kansu, ba ɗori ba. Wattpad da Facebook da zaurukan WhatsApp su ne gidajensu, kuma duk na aro ne. OkadaBooks, inda wasu suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Gemun maƙwabci ya sha kamawa da wuta. Sai dai shawarar saukewa ba ta shiga nan kai tsaye, domin da yawa daga cikin littattafan na kuɗi ne, kuma wadda ta tara shafukan littafin kuɗi ta watsa a zaure ta ci guminta ne, ba adana mata ta yi ba. Ajiyar ta marubuciyar ce: kowane babi a fayil, kwafi a waya, kwafi a imel, tun kafin a tura shi ko'ina. Kuma a saman kowane babi a sa sunan littafi da na mai shi da lambar babin, domin saƙon WhatsApp in ya bi hannu biyar yakan iso ba kai. Akwai littattafan da ke yawo a wayoyi yanzu haka, an kwafe su daga zaure zuwa zaure, masu karatu suna ta tambayar wace ce ta rubuta, kuma ina babi na 40 ya shiga.