Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa: magazan a rufe, ma'aikaci na neman ɗaki

Wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi da Cadawa, ya wuce Agye har Gazawa, yana tafiya ne cikin tsohuwar ƙasar gujiya. A bakin kasuwanni idonsa zai faɗa kan dogayen gine-gine masu rufin kwano da ƙofofin ƙarfe, wasu a garƙame. Shaidun wani zamani ne.

A wancan zamani kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ke sayen gujiya ta hannun ƴan kasuwa. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, cinikin ya koma hannunta. Fari na 1973 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 suka karya wannan noma. Manoma suka karkata ga wake da hatsi, sikeli ya yi tsatsa.

Amma mutane ba su daina ƙaruwa ba. A 2011 aka ciro Gazawa daga Agye ta zama gunduma, aka turo mata ma'aikata da iyalansu. Tun daga 2019 kuma dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo yankin Gidan Rumji. Malamin lakwal da aka turo bana, abin da ya fara tambaya shi ne ɗakin haya.

Me zai hana magazan ya zama gida? A Amurka da Faransa, bayan annobar 2020 ta bar birori ba kowa, an himmatu ga mai da wasunsu gidajen kwana. Sai dai an gina magazan ne don buhu, ba don mutum ba. Ba taga, ba zaure, ba tsakar gida, ba makewayi, ga zafin kwano a watan Afrilu. Inda aka taɓa ajiye maganin ƙwari kuwa, sai an tsabtace shi sarai kafin yaro ya kwana ciki.

Babban ƙulli shi ne takarda: na gwamnati ne, na ƙungiyar manoma ne, ko na magada? Ba ɗan kasuwar da zai zuba siminti a ginin da bai san mai shi ba. Sai hukumomin gari sun ƙidaya waɗannan gine-gine, sun fayyace masu su, kafin damina ta gama cin bangonsu.